Shekarar da Aka Hana Mutanen Kyuba Maganar Hadari

Duk wanda ya tashi a ƙasashenmu, ko a zangon Kumasi ne, ko a Garwa, ko a Injamena, ya san cewa hadari daga gabas yake tasowa. Ya kuma san cewa maganar hadari tana da ladabinta. Dattijo zai ɗaga kai ya dubi sama, ya saurari iskar da ta kaɗa, ya ce a kwashe shanya, sai a kwashe ba musu. Yaro kuwa in ya rugo yana ihun ga ruwa nan, sai an dubi sama kafin a dubi bakinsa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowa ya san ba a kan maganar kowane baki ake ɗaga kaya ba.

Hadarin nan da ke wuce mu ba a ƙasashenmu yake ƙarewa ba. Yakan nausa yamma, ya ƙetare Mali da Sanigal, ya faɗa tekun Atilantika, kuma daga cikin irinsa ne ake samun mahaukaciyar guguwar teku da ke afka wa tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka. Masana suna ganin ɗaya daga cikinsu ya bar gaɓar Afirka ta Yamma a watan Agustan 1900. Labarinsa ya haɗu da labarin wata hukuma da ta ɗauki wancan ladabi na maganar hadari ta mayar da shi doka, ta ware wanda zai yi magana da wanda zai yi shiru, har ta ware kalmomin da ba a faɗa.

Sai mu yi wa hukumar adalci tukuna, domin ba haka kawai ta tsiri takura ba. A ƙarni na 19 Amurka cike take da masu duban yanayi na gaban kansu, kowa da lissafinsa na wata da taurari, jaridu kuma suna rububin maganarsu domin tana sayar da takarda. Wani ma'aikacin gwamnatin Kanada mai suna Ezekiel Wiggins ya yi shelar cewa guguwar da ba a taɓa ganin irinta ba za ta zo a watan Maris na 1883. Masunta da dama suka ɗaure jiragensu suka ƙi fita teku, aka yi asarar kwanakin nema, abin da ya zo kuma bai kai ko kusa da abin da ya kwatanta ba. Wanda ya ga irin wannan ba zai yi mamakin hukumar da ta ce a kama baki ba.

Amma takurar ba ta tsaya a kan 'yan duba ba, har ta hau kan masu ilimi. A lokacin, hasashen yanayi yana hannun sashen sadarwa na sojan Amurka, kuma a cikinsu akwai wani John Finley da ya sadaukar da kansa ga nazarin guguwar nan mai juyawa da ke sauka daga gajimare kamar igiya ta tumɓuke gidaje, wadda suke kira tonado. A 1884 ya gwada hasashenta sau 2,803, ya kuma ba da rahoton cewa ya dace a kashi 96.6 cikin ɗari. Sai wani masanin duwatsu, Grove Gilbert, ya zauna ya yi lissafi, ya nuna cewa da kullum Finley ya ce babu guguwa, da dacensa ya kai kashi 98.2, tunda ranakun da ba ta zuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Lissafin Gilbert gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ya ɓoyu a ƙarƙashinsa: cikin sau 51 da guguwar ta sauka, Finley ya hango 28, mai cewa babu kuwa ko ɗaya ba zai hango ba. Duk da haka, kafin shekarun 1880 su ƙare, an hana sa kalmar tonado a cikin hasashen da ake fitar wa jama'a, bisa hujjar cewa firgicin da za ta jawo zai fi guguwar kanta ɓarna.

Da aikin ya koma hannun farar hula a 1891, sabuwar hukumar yanayi ta gaji wannan hali. Willis Moore, wanda ya zama shugabanta a 1895, mutum ne mai son komai ya bi ta teburinsa. Ma'aikacin da ke bakin teku, ko da yana ganin alamu da idonsa, ba shi da ikon shelar mahaukaciyar guguwa sai da amincewar Washinton.

Yanzu sai mu ƙetara zuwa Kyuba, domin a can ne ilimin wannan guguwa ya fi zurfi a wancan zamani. A birnin Habana akwai makarantar Belen ta limaman Katolika, mai ɗakin nazarin sararin sama. Fada Benito Viñes ya karɓi ragamar ɗakin a 1870, ya share shekara ashirin da 'yan kai yana bin sawun guguwa: yana auna nauyin iska, yana lura da yadda igiyar ruwa ke canja tafiya, yana karanta siraran gajimaren nan na can ƙololuwa da ke bazuwa daga tsakiyar guguwa tun tana nesa, har ya iya nuna inda take da inda ta dosa. Bayan guguwa ta wuce yakan bi ƙauyuka yana duban yadda itatuwa suka kwanta. A watan Satumban 1875 ya buga gargaɗi a jarida kafin wata guguwa ta iso, ta kuwa iso. Matuƙan jiragen ruwa suka riƙa jiran maganarsa kafin su kwance igiya. Da ya rasu a 1893, Fada Lorenzo Gangoiti ya ɗora daga inda ya tsaya.

Sai yaƙin 1898 ya kori Sifaniya daga tsibirin, sojan Amurka suka karɓi mulki, hukumar yanayinsu ta buɗe ofishi a Habana. Ma'aikatanta ba su ɗauki masanan Kyuba da daraja ba. A ganinsu mutane ne masu zuzuta magana, masu hasashe da zuciya maimakon alƙaluma, masu tayar wa 'yan kasuwa hankali a banza. Ni dai ban ga abin da ya raba wannan da raini irin na mai mulki ga wanda yake mulka ba, kuma mu da muka ji labarin zamanin Turawa daga bakin kakanninmu ba sai an fassara mana shi ba. A ƙarshen Agustan 1900 suka shawo kan ma'aikatar yaƙi ta Amurka ta hana aika duk wani hasashen yanayi na mutanen Kyuba ta wayoyin tangarahon da ke hannun gwamnati. A tsakiyar lokacin guguwa aka yi wannan.

Bayan 'yan kwanaki, hadarin da muka faro da shi ya iso. Ya ratsa Kyuba a farkon Satumba da ruwa mai yawa, amma iskarsa ba ta kai ta tsoro ba. Washinton ta yi hasashen zai karkata arewa maso gabas, ya bi ta Filorida ya haura gaɓar Atilantika, kamar yadda guguwa da yawa ke yi. Masanan Habana suka ce a'a, zai miƙe ne cikin tekun Meksiko, inda ruwa ke da ɗumi, kuma zai ƙara ƙarfi. Sun faɗi haka a jaridun garinsu, amma hanyar da maganar za ta bi ta isa inda ake buƙatarta a toshe take.

A ƙarshen wannan hanya akwai Galbeston, birni mai mutane wajen 37,000 a kan wani tsibirin rairayi a gaɓar Teksas, babbar tashar fitar da auduga, gari mai arziki da taƙama. Wurin da ya fi ko'ina tudu a tsibirin bai kai mita 3 daga doron teku ba. Shugaban ofishin yanayi na garin, Isaac Cline, ya taɓa rubutawa a jarida a 1891 cewa ruɗu ne a yi zaton guguwa za ta yi wa Galbeston mummunar ɓarna, kuma ba a buƙatar katangar tare teku. Shi mai izinin magana ne, saboda haka aka saurare shi.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba an ɗaga tutar gargaɗin iska mai ƙarfi a garin, amma irin gargaɗin da ba ya hana mutum barci. Da safiyar Asabar jama'a har suna zuwa bakin teku kallon igiyar ruwa, yara suna wasa a ruwan da ya fara shiga tituna. Kafin la'asar gadojin da suka haɗa tsibirin da tudu sun nutse. Da magariba ma'aunin iska ya nuna gudun kilomita 160 a sa'a, sannan iskar ta fizge ma'aunin ta tafi da shi. Teku ta hau fiye da mita 4, ta shanye tsibirin baki ɗaya, tana tura tarkacen gidajen bakin gaɓa tana rushe na bayansu da su. A gidan marayu na Saint Mary, mata masu hidimar coci su 10 suka ɗaure yara a jikinsu da igiyar shanya don kada ruwa ya raba su. Dukansu suka mutu tare da yara 90, maza 3 kaɗai suka tsira. Cline da kansa ya rasa matarsa mai juna biyu. Gidaje fiye da 3,600 suka rushe, rayukan da suka salwanta kuwa ana ƙiyasta su tsakanin 6,000 da 12,000. Gawawwaki suka yi yawan da aka loda su a kwale-kwale aka zubar a teku, teku ta maido su gaɓa, sai aka koma ƙonawa. Har yau babu bala'in yanayi da ya ci rayuka haka a tarihin Amurka.

Ba zan ce da saƙon Habana ya wuce, da Galbeston ta tsira ba. Gidaje dai da sun rushe, kuma kwashe gari guda ta 'yan gadoji ba wasa ba ne. Amma kwana ɗaya na gargaɗi mai nauyi yana nufin jiragen ƙasa da yawa cike da mata da yara. Dokar da aka kafa don toshe bakin irin su Wiggins ba ta tambayi mai magana me ya gani ko me ya auna ba, ta tambaye shi daga wane ofishi yake. Da wannan ma'auni Cline ya wuce, Gangoiti ya maƙale.

Mutanen Galbeston suka soma gina katanga mai tsayin mita 5 a 1902, suka kuma ɗaga ƙasan garin da yashin da suka haƙo daga teku. Moore ya ci gaba da zama a kujerarsa har 1913, kuma ba wannan lamari ne ya tuɓe shi ba. Haramcin kalmar tonado kuwa ya daɗe a bayansa. Yana nan ranar 18 ga Maris 1925, lokacin da guguwa ɗaya ta ratsa jihohin Misuri da Ilinoyi da Indiyana ta kashe mutum 695, hasashen ranar kuwa bai ambaci sunanta ba.

Sojoji biyu ne suka karya shirun. Ranar 20 ga Maris 1948 tonado ta afka wa sansanin mayaƙan sama na Tinker a Oklahoma ta lalata jirage. Bayan kwana biyar, Manjo Ernest Fawbush da Kyaftin Robert Miller suka ga alamun sama sun sake haɗuwa irin na ranar. Kwamandansu ya matsa musu su faɗi abin da suke gani ba kwana-kwana, suka rubuta kalmar da aka daɗe ana gudu, suna tsoron za su zama abin dariya, domin guguwa ta faɗa wuri ɗaya sau biyu cikin mako abu ne mai wuyar aukuwa. Aka shigar da jirage rumfuna, mutane suka fake. Da yamma ta sauka a kan sansanin, ba ta kashe kowa ba. A 1950 hukumar yanayi ta janye haramcin, a 1952 kuma ta fara fitar wa jama'a hasashen tonado da sunanta.