Dara da Saurin Sallamawa

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, dara tsohuwar makarantar dattawa ce: gurbi 30 a cikin rairayi, ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, wannan da kara, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa, kuma wasa ba ya mutuwa sai ɗayansu ya rasa halin jera uku. Amma akan sami gwani, da ya hango an ɗaure shi, sai ya share gurabu ya tashi, don kada ƴan kallo su ga ƙarshensa.

Tarihin darar Turawa, mai sarki da dawaki, ya nuna hatsarin wannan ɗabi'a. A gasar Monte Karlo ta 1902, Georg Marco ya sallama wa von Popiel, yana zaton ɗansa guda ya salwanta. Ashe da ya gusa ɗan nan, shi ke da nasara. A 1997, a birnin Niyok, Gari Kasparof, zakaran duniya na lokacin, ya sallama wa na'urar Deep Blue wasa na biyu. Washegari mataimakansa suka nuna masa hanyar canjaras da bai gani ba.

Gwanaye ne suka fi faɗawa wannan rami, domin sun gaskata lissafinsu fiye da kima. Saboda haka malamai da ƙungiyoyin da ke koya wa yara dara, mu haɗa musu da darasin zama har ƙarshe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.