Iban Aibazobski, Mai Zanen Teku na Fiyodosiya

A gaɓar Bahar Aswad, wato Baƙin Teku, a yankin Kirimiya, akwai wani tsohon gari mai tashar jiragen ruwa da ake kira Fiyodosiya. Helenawa ne suka kafa shi wajen ƙarni na shida kafin haihuwar Almasihu, ma'anar sunan kuwa a harshensu ita ce kyautar Allah. Garin ya sha canjin masu mulki. Fataken Italiya sun riƙe shi suna kiransa Kafa. Turkawa suka ci shi a shekara ta 1475, ya zama babbar kasuwar bayi. A shekara ta 1783 Rasha ta haɗa Kirimiya duka cikin mulkinta. A wannan gari ne aka haifi mutumin da ya yi fiye da shekara 60 yana zana teku, har ya bar zane wajen 6,000.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 29 ga Yuli, 1817. Iyayensa Armeniyawa ne, wato mutanen ƙasar da tarihin ikkilisiyarsu ya ce ta karɓi bangaskiyar Kirista tun shekara ta 301. Aka yi masa baftisma a majami'ar Sarkis Mai Tsarki, aka sa masa suna Hobanes Aibaziyan. Daga baya Rashawa suka san shi da sunan Iban Aibazobski. Hobanes da Iban duk suna ɗaya ne, shi ne Yohanna.

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, amma annobar da ta faɗa wa garin a shekara ta 1812 ta karya shi. Yaron ya tashi cikin rashi. Da yake babu kuɗin takarda, sai ya riƙa ɗaukar gawayi yana zana jiragen ruwa a farin bangon gidaje. Wani mai tsara gine-gine na garin, Yakubu Kok, ya ga zanen, bai tsawata masa ba, ya ba shi takarda da fensir, ya fara koya masa. Shi ne kuma ya kai labarinsa gun mai mulkin garin, Iskandar Kaznaceyef. Bayan an ƙara wa Kaznaceyef girma, a shekara ta 1830 ya tafi da yaron birnin Simferofol, ya sa shi a makaranta. A shekara ta 1833, yana da shekara 16, aka karɓe shi a babbar makarantar zane ta sarki a birnin Fitasbag.

A can ya gamu da gwaji na fari. An sa shi ƙarƙashin wani Bafaranshe mai zanen teku, Filib Tanar, wanda ya mai da shi ɗan aike, ya hana shi yin zanen kansa. A shekara ta 1836 saurayin ya kai zanensa wurin nunin makarantar, mutane suka yaba ƙwarai. Kishi ya kama maigidan, ya kai ƙara gun Sarki Nikolas na Ɗaya, aka sauke zanen daga bango. Sai da manya suka yi roƙo wata da watanni kafin aka yafe masa. A shekara ta 1837 ya sami lambar zinariya ta makarantar.

Tafiya Turai

Kafin a aike shi waje, an komar da shi Kirimiya shekara biyu domin ya zana gaɓar ƙasarsa. A shekara ta 1839 ya shiga jirgin yaƙi tare da sojojin ruwa na Rasha zuwa gaɓar Kokasus, ya ga yadda ake ɗaga filafilai, yadda hayaƙin igwa yake kwantawa a kan ruwa, ya saba da manyan hafsoshi irin su Lazaref da Nahimof.

A shekara ta 1840 ya tafi Italiya. A birnin Banis akwai wani ɗan tsibiri, San Lazaro, inda 'yan zuhudu Armeniyawa suke zaune suna buga littattafai a harshensu. Wansa Jibra'ilu yana cikinsu. Wannan wan nasa ne ya zama babban bishop a ikkilisiyar Armeniyawa daga baya. A Roma kuwa Aibazobski ya zana farkon halitta, duhu da ruwa suna gauraye, haske yana keto su daga sama. Paparoma Giregori na 16 ya karɓi zanen, ya ba shi lambar zinariya. Zanen nan yana San Lazaro a yau. 

Teku ma ta gwada shi. Wata rana hadiri ya kama jirginsu a mashigin Biske, tsakanin Faransa da Sifen, har jaridun Faris suka ba da labari cewa ya mutu. Ashe yana da rai. Ya koma Rasha a shekara ta 1844, aka naɗa shi mai zane na hedkwatar sojojin ruwa. Yana iya zama a fadar sarki ya ci daular duniya, amma a shekara ta 1845 ya koma Fiyodosiya, ya gina gida a bakin teku, ya zauna a can har mutuwarsa.

Yadda yake aikinsa

Mai karatu da ya taɓa tsayawa a bakin teku a Ankara ta Gana, ko Lome, ko Kwatano, ya san wahalar da ke gaban mai zanen teku. Dutse yakan tsaya a zana shi, mutum yakan zauna a zana shi, amma raƙumin ruwa ba ya jiran kowa. Kafin a tsoma buroshi cikin fenti ya riga ya fashe, wani ya taso. Launin ruwa kuma ba ɗaya ba ne. Da safe daban, da tsakar rana daban, a hasken wata daban, gama ruwa yana aron launinsa daga sararin sama.

Saboda haka Aibazobski bai saba kafa allonsa a bakin ruwa ba. A ganinsa walƙiya, da bugun iska, da fantsamar ruwa ba su kamuwa da ido da hannu a lokaci ɗaya, sai dai mai zane ya kalle su ya riƙe su a ka. Yakan yi yawo a gaɓa yana kallo, ya yi 'yan layuka da fensir a takarda, ya sa alamu domin tuna launi da inda haske ya faɗa. Sa'an nan ya shiga ɗakin aikinsa ya zana daga abin da ya tuna.

Yakan fara da sararin sama, ya gama shi a zama ɗaya tun fenti bai bushe ba, domin kada a ga mahaɗi. Bayan haka ya koma kan ruwa. Yakan shafa fentin mai da sirantaka ƙwarai, shafi a kan shafi, yadda farin da ke ƙasa zai riƙa lekowa. Wannan ne ya sa in an dubi ƙoƙuwar raƙumin ruwa a zanensa, sai a ga kamar rana tana ratsa shi. A ƙarshe ya ɗora farin kumfa da kauri.

Zanensa da ya fi suna shi ne Raƙumin Ruwa na Tara, na shekara ta 1850. Tsawonsa ya fi mita 3, tsayinsa ya fi mita 2, yana gidan tarihi na Rasha a Fitasbag. Matuƙan jirgi na dā sun gaskata cewa cikin hadiri raƙumi na tara ne ya fi girma da hallakarwa. A zanen, jirgi ya riga ya nutse da dare. 'Yan mutane kaɗan sun manne wa guntun itacen filafili, ɗayansu yana ɗaga jan ƙyalle. Babban raƙumi yana tahowa a kansu, amma gari yana wayewa, hasken rana ya cika sama. Mai zanen bai nuna ko sun tsira ba. Masu kallo da yawa sun ce itacen da suka riƙe ya yi kama da gicciye.

Ba kowa ne ya yabe shi ba. Zane 6,000 cikin shekara 60 ya kai kusan biyu kowane mako. Waɗansu masana na zamaninsa sun ce yana gaggawa, yana maimaita kansa, launukansa kuma sun cika ƙyalli. Akwai gaskiya cikin wannan suka, gama ba duk zanensa ne suka kai ɗaya ba. Amma da tsufa ya zo, ya rage ado. Zanensa mai suna Bahar Aswad, na shekara ta 1881, wanda yake gidan zane na Tiretiyakof a Mosko, kusan babu kome a cikinsa sai ruwa da gizagizai. A shekara ta 1898, ya haura shekara 80, ya zana Tsakiyar Raƙuman Ruwa, mai tsawon fiye da mita 4.

Yaƙi, sarakuna da Littafi Mai Tsarki

Aikinsa na gwamnati shi ne ya ɗaukaka sojojin ruwa na Rasha. Ya zana yaƙin Nabarino, da na Cesma, da na Sinof na shekara ta 1853, inda jiragen Rasha suka ƙone na Turkawa. Lokacin Yaƙin Kirimiya, daga 1853 zuwa 1856, ya shiga birnin Sebastofol sa'ad da abokan gaba suke kewaye da shi. Duk da haka Turkawa ma sun so aikinsa. Ya ziyarci Santambul sau da yawa, ya zana masallatanta da jiragenta a hasken wata. A shekara ta 1874 Sultan Abdul'aziz ya gayyace shi, ya sa shi yin zane domin fadar Dolmabace, ya ba shi lambar girma. Ƙafarsa ta taka Afirka ma, gama yana Masar a shekara ta 1869 ranar da aka buɗe mashigin Suwez.

Labaran ruwa na Littafi Mai Tsarki sun ja hankalinsa dukan ransa. Ya zana Ruwan Tsufana a shekara ta 1864, da Yesu yana tafiya a kan ruwa a 1888, da ƙetarewar Isra'ilawa a Bahar Maliya a 1891. A shekara ta 1889 ya zana Nuhu da iyalinsa suna saukowa daga Dutsen Ararat, dutsen da Armeniyawa suke ɗauka alamar ƙasarsu. Zanen nan yana birnin Yereban.

Daga shekara ta 1894 zuwa 1896, a zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, aka yi wa Armeniyawa kisan gilla a daular Turkawa. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 100,000 da 300,000. Aibazobski tsoho ne a lokacin, mai arziki, ƙirjinsa cike da lambobin sarakuna, har da na fadar da ake zargi da jinin danginsa. Da ya yi shiru, da ba wanda zai taɓa shi. Bai yi shiru ba. Ya zana kisan da aka yi a garin Tirabzon a shekara ta 1895, ya tara kuɗi ta wurin nunin zanensa domin waɗanda suka tsira, ya taimaki 'yan gudun hijira da suka sauka a Fiyodosiya. Labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne ya kwashi lambobin da sarakunan Turkawa suka ba shi ya jefa su cikin teku, ya kuma sanar da jakadansu abin da ya yi.

Abin da ya yi wa garinsu

Fiyodosiya tana bakin teku, amma ruwan gishiri ba ya kashe ƙishi. Garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan sha, wanda duk mutumin da ya taɓa bin layin rijiya da rani ya san zafinsa. Aibazobski yana da gona mai maɓuɓɓuga a wani wuri da ake kira Subash. A shekara ta 1887 ya ba garin bokiti 50,000 na ruwa kowace rana, wato wajen lita 600,000, kyauta. Aka ja bututu fiye da kilomita 20, ruwa ya iso a shekara ta 1888. Ya gina wurin ɗiban ruwa a tsakiyar gari da kuɗinsa. Rashawa, da Armeniyawa, da Helenawa, da Tatar Musulmi duk sun sha daga wurin.

Ya buɗe makarantar koyon zane a shekara ta 1865, da yake shi ma wani ne ya miƙa masa fensir na fari. Ya gina gidan ajiye kayan tarihi a 1871. A 1880 ya buɗe babban ɗaki a gidansa domin kowa ya shigo ya kalli zane. Ya kuma matsa wa hukuma har hanyar jirgin ƙasa ta iso garin a shekara ta 1892.

Ran 2 ga Mayu, 1900, ya rasu yana da shekara 82. A ranarsa ta ƙarshe ma yana aiki a kan zanen wani jirgin yaƙi da ya fashe, bai gama shi ba. A wasiyyarsa ya bar wa garin ɗakin zanen da abin da yake ciki. Kirimiya ta sake ganin yaƙe-yaƙe bayansa, a shekara ta 2014 kuma Rasha ta ƙwace ta daga hannun Yukiren. Har wa yau Rashawa, da Armeniyawa, da mutanen Yukiren kowa yana cewa mai zanen nasa ne.

Mutanen Fiyodosiya da suka fito jana'izarsa ba dukansu ne suka san darajar zane ba. Da yawa sun zo ne domin ruwan da suke sha da makarantar da 'ya'yansu suka shiga. Aka binne shi a harabar majami'ar Sarkis Mai Tsarki, inda aka yi masa baftisma shekara 82 da suka wuce.