Yadda maganin feshi ya shiga gonakin Daura

Har zuwa farkon shekarun 1970, manomin ƙasar Daura bai cika kashe kuɗi a kan maganin ƙwari ba. Gero da dawa na cikin rumbu, wake kuwa sai a cakuɗa shi da toka ko yashi a zuba a tukunya a liƙe bakinta. Ciyawa aikin fartanya ce da gayya.

A 1975 darɓa ta yaɗa cutar da ta kassara gyaɗa a arewacin Najeriya, alhali mutane ba su gama farfaɗowa daga fari ba. A daidai wannan lokaci aka soma shirin raya noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, daga baya irinsa ya bazu. Malaman gona ne suka riƙa kawo magani da injin feshi da rahusa, su kuma nuna yadda ake aunawa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar raya noma ta jihar, KTARDA, ta gaji aikin.

Sai dai tun 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, naira ta faɗi, tallafi ya yi ta ja baya. Cinikin ya koma hannun 'yan kasuwa: a saro a Kano, a baje a Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, wani kuma ya ƙetara Nijar ta Kongolam.

Babban canjin ya zo bayan shekarar 2000, lokacin da kamfanin Monsanto ya rasa ikon mallakar sinadarin glyphosate mai kashe ciyawa, masana'antun Sin suka shiga yin sa da araha. Matasa sun tafi birni, kuɗin ƙwadago ya hau. Manomi ya buga lissafi, ya ga kwalba ɗaya ta fi masa 'yan noma sauƙi. Ba za a ga laifinsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kasuwar ta girma ta bar ilimin a baya. Mai shago ya zama malamin gona, yaro na feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, ana auna guba da murfin kwalba.

Wake ne ya fara tona asirin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan dichlorvos, wato fiya-fiya, da ake zuba masa a ajiya. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni. A ƙarshen 2019 ɗin cibiyar binciken noma ta Samaru ta fito da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda ke rage yawan feshi, ga kuma buhun PICS mai adana wake ba magani.

Da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, domin kusan duka daga waje ake shigo da sinadarinsa. Manoman da suka ajiye fartanya suka shiga sayen na awo, wanda ba suna ba ranar lalacewa a jikinsa.