Daga Giwan Ruwa zuwa Tarwaɗa: Tarihin Kifin Tafkin Chadi

'Yan uwa, bandar da muke sayarwa a kasuwannin Anacha da Legas tana da tarihi.

A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Ruwa ne buɗaɗɗe mai manyan kifaye irin giwan ruwa. A lokacin ne ragar nailan ta yaɗu, kamu ya ƙaru, Baga ta zama babbar kasuwar da motoci ke lodin kifi zuwa Kudu.

Farin shekarun 1970 da 1980 ya raba tafkin biyu, wurare da dama suka koma fadama. Giwan ruwa ya ja baya. Tarwaɗa, da ke iya shaƙar iska idan ruwa ya lalace, ta mamaye tare da karfasa. Shi ya sa tarwaɗa ta fi yawa a kwalayenmu.

Harin Boko Haram a Baga a Janairun 2015 ya tarwatsa masunta, ciniki ya tsaya.

Yau damuwarmu ita ce raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Idan muka ƙi sayensu, masunci zai bar su su girma. Allah Ya albarkaci sana'armu.