Geoffrey Chaucer: Ma'aikacin Sarki da Ya Rubuta Waƙa da Harshen Kasuwa

Takardun da suka ambaci Geoffrey Chaucer tun yana raye sun kusa ɗari biyar, amma babu ko ɗaya da ta kira shi marubucin waƙa. Maganar albashi suke yi, da bashi, da aiken sarki. A idon hukumar Ingila ta ƙarni na 14, ma'aikaci ne kawai.

An haife shi a Landan wajen shekarar 1342, mahaifinsa attajiri ne mai fataucin giyar inabi. A 1357 yana yaron gida a wurin matar Yarima Lionel, ɗan Sarki Edward na Uku. Ya bi rundunar Ingila zuwa Faransa a 1359, aka kama shi, sarki ya ba da fam 16 cikin kuɗin fansarsa a 1360. Daga baya aka aike shi Italiya, ya je Genoa da Florence a 1372 zuwa 1373, sannan Milan a 1378. Tafiye-tafiyen nan ne suka kusantar da shi da ayyukan Dante da Boccaccio. A 1374 aka naɗa shi mai duba kuɗin kwastan na gashin tumaki da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan, da sharaɗin ya riƙa rubuta lissafi da hannunsa. Shekara goma sha biyu ya yi a wannan aiki, da rana lissafi, da dare karatu da rubutu.

Abin da ya fi muhimmanci a tarihinsa shi ne harshen da ya zaɓa. Tun bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ne harshen fada da na shari'a, Latin kuwa na coci da malamai. Ingilishi na gida ne da kasuwa. Lamarin ya fara sauyawa, domin a 1362 aka yi dokar gudanar da shari'a da Ingilishi, amma har lokacin mai neman suna a fada yana da dalilin ƙin dogara da shi. Abokin Chaucer, John Gower, ya raba ƙafa: manyan ayyukansa uku, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Latin, ɗaya da Ingilishi. Chaucer kuwa ya tsaya a kan Ingilishin Landan. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, ga William Langland ma, sai dai shi ne ya nuna harshen zai iya ɗaukar nauyin da Italiyanci ya ɗauka. Waƙarsa Troilus and Criseyde, mai ɗango fiye da 8,000 a baitoci masu ɗango bakwai-bakwai, daga labarin Boccaccio ya samo ta, ya ƙara mata zurfi.

Wajen 1387 ya fara The Canterbury Tales. Matafiya kusan talatin sun haɗu a wani masauki a Southwark, za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury da aka kashe a 1170. Mai masaukin ya ba da shawara kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda ya fi a yi masa liyafa. A nan ne shekarun aikinsa suka biya shi, domin ya san mutane. Akwai barde, akwai mai niƙa da ya bugu ya katse tsari ya kawo labarin batsa, akwai matar garin Bath da ta yi aure biyar tana kare kanta da ayoyin Littafi Mai Tsarki, akwai mai sayar da takardun gafara da yake wa'azi a kan kwaɗayi yana kuma faɗa wa abokan tafiya yadda yake cutar jama'a. Kowa da irin bakinsa, kuma sau da yawa marubucin ba ya yanke hukunci, mai karatu yake bar wa.

Lissafin zai kai labari kusan 120, amma 24 kawai ya bari, wasu ma ba su kammala ba, matafiyan kuma ba su taɓa isa Canterbury ba. Ya rasu a 1400, aka binne shi a cocin Westminster Abbey, inda yake hayar gida a harabarta. Daga baya ne aka riƙa binne marubuta kusa da shi. Wajen 1476 William Caxton, wanda ya kawo injin ɗab'i Ingila, ya buga littafin cikin ayyukansa na farko.