Littafin Ajiya na Gidan Waya

 Kafin bankuna su yawaita, gidan waya ne bankin talaka. A 1861 Ingila ta kafa dokarsa: sule ɗaya ya isa buɗe ajiya, ba a wuce fam 30 a shekara, gwamnati ce kuma ta tsaya wa kuɗin. Akan ba mutum ɗan littafi, duk abin da ya zuba a rubuta, a buga hatimi.

To, ga inda abin ya shafe mu. Matar aure tana iya ajiya, amma in mijinta ya rubuto takarda, shi za a biya. Sai a 1870 doka ta ce ajiyarta tata ce ita kaɗai, haƙƙin da Musulunci ya ba mu tun tuni.

Turawa suka kawo tsarin Nijeriya. A shekarun 1970 ya koma Federal Savings Bank, a 2005 kuma ya narke cikin bankin Fidelity.

Mu nan Birnin Gwari mun ga yadda ɓarayin daji suka kore awakin da mata suka daɗe suna tarawa. Saboda haka uwargida, ribar ƙuli-ƙulinki ki kai ta asusu mai sunanki, lambar sirrin kuma ta tsaya a bakinki. Allah Ya sa albarka.