Ƙidayar Ɗalibai a Jami'o'in Najeriya: Daga Littafin Magatakarda Zuwa Lambar JAMB

A watan Janairun 1948 Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta fara karatu da ɗalibai 104. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin Oktoban 1962, ɗalibanta 426 ne. A wancan zamani duk wanda ke son sanin yawan ɗalibai sai ya leƙa ofishin magatakarda, a buɗe masa littafin rajista ya ƙirga da yatsa. Shekara 50 bayan buɗe ta Zariya, a 2012, sai da gwamnatin tarayya ta tashi kwamiti guda ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya bi jami'o'in gwamnati ɗaya bayan ɗaya, sannan aka iya bugun ƙirji aka ce ɗalibansu sun kai kimanin miliyan 1.25, malamansu kuma 37,504. Tun 1962 akwai hukumar da aikinta ya haɗa da riƙe waɗannan alƙaluma, to me ya sa sai da aka taka ƙafa? A ganina amsar tana cikin tarihin abin da ake yi da alƙaluman. Adadin da jami'a ke miƙa wa hukuma yana bin abin da za ta samu ko ta rasa a kansa, kuma bai fara zama abin dogaro ba sai da aka ɗaura shi a kan sunan kowane ɗalibi, a hannun wata hukuma daban da jami'ar.

Da fari ƙidayar ta tsara gaba ce kawai. Kwamitin Sir Eric Ashby, wanda aka kafa a 1959 ya kuma miƙa rahotonsa a 1960, ya auna yawan ma'aikata masu ilimi da sabuwar ƙasa za ta buƙata, ya ba da shawarar a kai ɗalibai 7,500 a jami'o'i kafin 1970. Gwamnati ta ga adadin ya yi kaɗan, ta mai da shi 10,000. Rahoton ne kuma ya haifar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a 1962, bisa samfurin kwamitin da ke raba wa jami'o'in Birtaniya kuɗi. Sai dai ƙaramin ofishi ce a Legas mai ba da shawara, ba ta da ikon tilasta wa kowa. Jami'o'in Nsukka da Ife da Zariya na gwamnatocin yankuna ne, don haka ta Zariya ta fi sauraron Kaduna a kan Legas.

Abin ya sauya a zamanin soja da kuɗin man fetur. Dokar soja ta 1974 ta ba NUC cikakken matsayi, Farfesa Jibril Aminu ya zama babban sakatarenta, a 1975 kuma tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna, ta kafa sababbi bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Kuɗin jami'o'i suka koma bi ta hannun hukumar, ita ke auna buƙatar kowace ta kai wa gwamnati. Daga nan adadin ɗalibai ya zama kuɗi, domin da shi ake lissafin malaman da suka cancanci jami'a ta ɗauka: malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a aikin injiniya. Ga kuma manufar gwamnati ta a ba kimiyya kashi 60 na guraben karatu, sauran fannoni 40, wadda ba a iya bibiyarta sai an ƙirga ɗalibai tsangaya-tsangaya. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, ma, da aka ba ta doka a 1978, matsalar ƙidaya ce ta kawo ta: ɗalibi ɗaya kan sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, ya je ɗaya, sauran guraben su tafi a banza alhali wasu na zaune a gida. Da aka zo da tsarin raba gurabe tsakanin cancanta da yankin da jami'a take da jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, sai ƙidayar ta ƙara nauyi ga Arewa musamman, domin ba yadda za a tabbatar an ba ɗan Yobe ko Zamfara haƙƙinsa idan ba a rubuta jihar kowane ɗalibi ba.

Bahaushe ya san ƙidaya iri biyu. Akwai ta jangali, wadda makiyayi kan kora wasu shanun daji kafin mai ƙirga ya iso, akwai kuma ƙidayar jama'a irin ta 1963, wadda kowane yanki ke son a ce ya fi yawa saboda kujeru da kason kuɗi. Jami'ar Najeriya ta tsinci kanta a tsakanin biyun, kuma daga shekarun 1980 ɓangaren ɓoyewa ne ya rinjaya. Farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya, kuɗin da gwamnati ke bayarwa suka daina bin yawan ɗalibai, suka koma bin albashin ma'aikata da abin da aka bayar bara. A daidai lokacin dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba NUC ikon gindaya ƙa'idojin karatu da tantance kwasa-kwasai, inda yawan ɗalibai a kan malami ɗaya ke cikin abin da ake dubawa. Wato ƙarin ɗalibi ba ya kawo kwabo daga gwamnati, amma yana iya jawo wa sashe faɗuwa a tantancewa. Shi kuwa ɗalibin, kuɗin rajistarsa na shiga asusun jami'a, balle na karatun wucin gadi da difloma da rassan da aka baza a garuruwa har sai da aka rufe su a 2001. Da NUC ta zo ta ƙayyade wa kowace jami'a iyakar ɗaliban da za ta ɗauka, kamar yadda hukumomin likitoci da na lauyoyi ke ƙayyade nasu, sai hanya mafi sauƙi ta zama a ɗauki fiye da ƙima a miƙa adadin da ya dace da ƙa'ida. Ko asusun harajin ilimi da gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta haifar a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, bai gyara wannan ba, domin kason shekara-shekara da yake ba jami'o'i daidai wa daida ne, mai ɗalibai dubu biyar da mai dubu arba'in duk ɗaya.

Girman ɓoyon bai fito fili ba sai bayan 2017, lokacin da JAMB ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta fito da tsarin CAPS, wanda ya wajabta kowane gurbi ya bi ta na'urarta, da suna da lambar ɗalibi, kafin ya halatta. Hukumar bautar ƙasa kuma ba ta karɓar wanda ba ya cikin jerin JAMB. Nan take ƙofa ta rufe a kan waɗanda aka shigar ta bayan gida, makarantu suka riƙa kai sunaye ana neman afuwa, har adadin waɗanda aka ɗauka a ɓoye tsakanin 2017 da 2020 a jami'o'i da sauran manyan makarantu ya kai ɗaruruwan dubbai. Waɗannan mutane ne da suka zauna a aji, suka rubuta jarrabawa, amma babu su a lissafin ƙasa. Asusun lamunin karatu na NELFUND ya ƙara tona wani rauni a 2024: sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibanta kafin su iya neman bashi, kuma dole aka ɗage ranar buɗe wa makarantun jihohi saboda da yawansu ba su ɗora ba.

Akwai masu cewa wannan tsari ya ci 'yancin jami'a, domin doka majalisar malamanta ta ba ikon ɗaukar ɗalibai, ba ofishin JAMB da ke Bwari ba. Maganar tana da tushe, kuma ni ma ba na goyon bayan a ƙwace wa jami'a zaɓin wanda za ta koyar. Amma zaɓe daban, bayyana wanda aka zaɓa daban. Jami'ar da ke cin kuɗin jama'a, take ba da shaidar da ƙasa ke amincewa da ita, ba ta da hujjar ɓoye yawan waɗanda ke hannunta.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Masu shi na cewa kowace shekara sama da matasa miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar JAMB, guraben ba su isa ba, kuma shugaban jami'ar da ya ƙetare iyaka sau da yawa tausayi ne da matsin iyaye da sarakuna da 'yan siyasa suka sa shi, musamman a jihohin da jami'a ɗaya ko biyu ce kaɗai talaka ke iya biya. Gaskiya ne. Sai dai ɓoyon ya fi cutar da waɗanda ake cewa an tausaya wa. Ɗalibin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadin kujera ko gado ko malami ba, kuma shi ne ke yawo tsakanin makaranta da ofishin JAMB bayan ya gama, takwarorinsa na sansanin bautar ƙasa. Sannan jami'ar da ta rage adadinta a takarda ta zubar da babbar hujjarta ta neman ƙarin kuɗi. Abin lura ne cewa alƙaluman kwamitin 2012, da suka nuna cunkoson yadda yake, su ne ASUU ta riƙe a yajin aikin 2013 har gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 na farfaɗo da jami'o'i, ko da yake kaɗan daga ciki aka saki.

Inda tsarin yanzu ya gaza shi ne ya fi sanin mai shiga a kan mai zama da mai fita. JAMB ta san wanda aka ɗauka, hukumar bautar ƙasa ta san wanda ya gama, amma wanda ya bar karatu a aji biyu saboda kuɗin makaranta, ko yarinyar da aure ya tsayar, har yanzu sai abin da jami'a ta ga damar rubutawa. Kundin alƙaluman da NUC ta riƙa bugawa a zamanin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed mataki ne mai kyau, amma shi ma da abin da jami'o'i suka aiko ya dogara. Ya kamata Majalisar Tarayya da TETFund su ware wani kaso na kuɗin jami'o'i ya riƙa bin yawan ɗaliban da aka tabbatar da rajistarsu kowace shekara da lambar JAMB da ta shaidar ɗan ƙasa, a kuma mai da hukuncin ɗauka ta ɓoye kan jami'in da ya sa hannu, a sauke shi daga kan ɗalibi.